Daftarin muƙala a kan Mario: ku taya ni dubawa kafin in ɗora

Sagiru_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na haɗa daftarin muƙala a kan Mario na wasan bidiyo, ina so in ɗora shi a Wikipedia ta Hausa, amma har yanzu yana shafin gwajina. Na fi son idanu da yawa su bi ta kansa tukuna. Ga yadda na buɗe shi: "Mario jarumi ne ɗan Italiya mai gyaran famfo. An haife shi a 1985. Yana zaune a masarautar Mushroom tare da ƙaninsa Luigi, kuma aikinsa shi ne ceto gimbiya Peach daga hannun mugu Bowser." Daga nan sai labarin wasannin ɗaya bayan ɗaya, sai jerin ƙarfin da yake samu, sai abokansa da maƙiyansa. Don Allah kada a ji nauyina, duk inda ya karkace a faɗa.

Malam_Habu:
Wa alaikumus salam. Sannu da ƙoƙari Sagiru, Allah ya ƙara basira. Na karanta daga farko har ƙarshe, kuma babbar matsalar tana cikin layin farko. Ka ɗauka wani dattijo a Gaya da bai taɓa riƙe hannun gem ba ya buɗe shafin nan. Me zai fahimta? Zai ɗauka akwai wani bawan Allah a Italiya da aka haifa a 1985 yana sana'ar famfo. Ko Gizo za ka rubuta wa muƙala, ai ba za ka fara da cewa mijin Ƙoƙi ne mai wayo ba, sai ka fara gaya wa mai karatu cewa tauraron tatsuniyoyin Hausa ne. Haka ma nan. Kundin ilimi yana tsayawa ne a wajen labari yana bayani, ba ya shiga ciki ya zauna. Ga shawarata: "Mario ƙagaggen jarumi ne na wasannin bidiyo, wanda Shigeru Miyamoto ɗan ƙasar Japan ya ƙirƙira wa kamfanin Nintendo. Ya fara bayyana a wasan Donkey Kong a 1981." Bayan wannan sai masarautar Mushroom da gimbiya su biyo.

Zee_Dorayi:
Malam 1981 kuma? Ni dai abin da na sani Super Mario Bros. 1985 ne ya fito. Ko akwai wani kafin shi?

Malam_Habu:
Akwai har guda uku da ya kamata a ambata, Zainabu. Donkey Kong a 1981, Donkey Kong Jr. a 1982, sai Mario Bros. a 1983. Na 1985 shi ne ya kai sunansa ko'ina, amma ba shi ne mafari ba.

Injiniya_Bash:
Bari in ɗora a kan maganar Malam, don wannan sashen ne nake ganin daftarin ya fi yunwa. Tarihin yadda aka ƙirƙire shi ya fi labarin cikin wasan daɗi ma. Nintendo na da wani wasa mai suna Radar Scope, na irin injinan tsaye da ake jefa wa sulalla a shaguna. Reshensu na Amurka ya yi odarsa da yawa, kasuwa ta ƙi, kusan guda 2,000 suka zauna a sito. Sai aka ba Miyamoto, wanda a lokacin matashin mai zane ne a kamfanin, aikin ƙirƙiro sabon wasa da za a zuba cikin waɗannan injinan. Da Popeye, wani jarumin katun na Amurka, ya so yi, amma ba su samu izinin masu shi ba a lokacin, sai ya bar tsarin mutum uku ya canja fuskoki: goggon biri, mace da aka sace, da ɗan gajeren mutum mai binta. Wannan mutumin a Donkey Kong kafinta ne, ba mai famfo ba, yana hawa tsani yana tsallake gangunan da birin ke gangaro masa. Jumpman aka kira shi a takardun Turanci. Matar kuma Pauline ce, ba Peach ba.

A wasan 1982 ma shi ne azzalumin, ya kulle birin a keji, ɗan birin ne ke ƙoƙarin ceto ubansa. Sai a Mario Bros. na 1983 da aka kai wasan cikin magudanun ruwa na ƙarƙashin ƙasa masu bututu, sannan sana'ar famfo ta shigo, Luigi ma a shekarar ya fito. Sagiru, idan ka sa wannan a sashe mai taken "Ƙirƙira", ka gama rabin aiki.

Sagiru_Fagge:
Na gode Injiniya. Na cire "an haife shi", na sa gabatarwar Malam. Zan buɗe sashen ƙirƙira yau da daddare.

Ummu_Haidar:
Injiniya kada ka manta da maganar kamanninsa. Ni abin da ya fi burge ni ke nan. Injinan wancan zamani ɗigogi ƙalilan suke iya nunawa, don haka duk abin da ke jikinsa dabara ce. An sa masa hula don kada a sha wahalar zana gashi yana motsi in ya yi tsalle. An sa masa gashin baki don hanci ya fito fili kuma a huta da zana baki. Wandon nan mai igiya a kafaɗa kuwa an yi shi da launi daban da na riga don a ga hannuwansa suna motsi in yana gudu. Miyamoto da kansa ya yi wannan bayanin a hirarraki, kenan manazarta ba za ta yi wuya ba. Kuma a lura, a Donkey Kong wandon ne ja, rigar shuɗiya. Daga baya aka juya su zuwa yadda yara suka san shi yanzu.

Kawu_Tanko:
Ni fa 'ya'yana ku yi haƙuri da ni, amma sai na faɗa. Garuruwanmu nawa ne ba su da shafi? Malamanmu nawa, mawaƙanmu nawa, sarakunanmu nawa? Ga masu ilimi kun taru, mutum shida bakwai, kuna ɓata dare a kan ɗan tsana mai jar hula. Da wannan ƙarfin kuka sa a kan tarihin Kabi ko Damagaram da ya fi mana amfani.

Ummu_Haidar:
Kawu, maganarka gaskiya ce ta fuskar giɓin da muke da shi, kuma ba wanda zai musa. Amma ni malamar firamare ce, ina ganin abin da yara ke nema in waya ta shiga hannunsu. Ba tarihin Kanta suke fara bugawa ba, abin da suke so suke bugawa. In yaro ya nemi Mario ya tarar da Hausa mai kyau, an yi bayani tiryan-tiryan, ya koyi cewa harshensa na iya ɗaukar kowane zance. In kuma bai samu ba, ya koyi cewa Hausa ta tsofaffin abubuwa ce kawai, na zamani sai da Turanci. Wannan darasin na biyu shi nake tsoro.

Kawu_Tanko:
Na ji, Malama. Ban gamsu duka ba, amma na ji. In kun gama da shi ku zo ku taya ni da na Argungu.

Sagiru_Fagge:
In sha Allahu Kawu, ni da kaina zan zo.

DanZinder:
Salamu alaikum jama'a. Ni tambayata daban ce. Duk abin da kuka lissafa na Japan ne da Amurka. Ina namu? Mu ma fa mun yi Mario. A unguwarmu gida ɗaya ne ke da injin, irin mai kaset rawaya da aka rubuta wasa ɗari-ɗari a jikinsa alhali kaɗan ne ake ta maimaitawa. In kaset ya ƙi tashi a zare a hura masa iska a mayar. Adafta ta yi zafi a kashe a jira ta huce. Ba a ajiye inda aka tsaya, in an ɗauke wuta kana duniya ta 7 sai dai ka koma ta 1. Wanda ya san hanyar nan ta mataki na 1-2, inda ake fasa bulo a hau saman rufi a yi ta gudu har a faɗa ɗakin bututu uku masu kai mutum duniya ta 2, ta 3 ko ta 4, shi ne sarkin yaran layi. Me ya sa ba za a yi sashe a kan yadda wasan ya shigo ƙasar Hausa ba? In kwafin ta Turanci kawai za mu yi, to mene ne amfanin rubutawa da Hausa?

Zee_Dorayi:
Wallahi DanZinder ka tuna min. Mu a gidanmu yayyena maza ba sa ba ni hannun sai in Luigi ne, wato sai na farko ya mutu. Kuma baƙin cikin da ke cikin ka sha wahala ka kai fada, ka tsallake wuta, ka jefa dodon a rami, sai ɗan mai hular naman kazan nan ya ce maka gimbiya tana wata fadar! Sau 7 ake yi wa mutum haka kafin ta 8.

Nura_Tudunwada:
Mu har Mario 7 da Mario 14 mun yi. Sagiru ka sa su a jerin wasanni, ban gan su ba.

Injiniya_Bash:
@Nura_Tudunwada a'a, waɗannan ba na Nintendo ba ne. Masu buga kaset na jabu ne ke ɗauko wani wasa daban su liƙa wa jarumin kan Mario su sa lamba. Ba za su shiga jerin ba. Inda ake samun ruɗani na gaskiya shi ne Super Mario Bros. 2, don guda biyu ne. Na Japan ya fito a 1986, kamar na farko yake amma ya fi shi wuya nesa ba kusa ba. Wanda aka sayar a Amurka a 1988 kuwa wani wasa ne mai suna Doki Doki Panic aka sauya wa jarumai, shi ne wanda ake tuge kayan lambu daga ƙasa ana jifa da su. In za a ambata, a bambance su.

Malam_Habu:
In dawo kan maganar DanZinder, don ita ce mai nauyi. Ɗan'uwa, duk abin da ka faɗa na yarda ya faru, ni ma na ga ƙannena suna hura kaset. Amma ƙa'idar wurin ita ce ba a rubuta abin da mutum ya gani da idonsa, sai abin da wata majiya mai zaman kanta ta riga ta wallafa, yadda wani zai iya zuwa ya duba. In na bar ka ka rubuta naka, gobe wani zai zo ya ce a garinsu kaza ake kiran Bowser, wani ya ce ƙarya ne, kuma ba mu da alƙalin da zai raba su. Dubi Rasha. Su ma injin kwaikwayon Famicom, wato injin gem na gida na Nintendo, suka yi wasa da shi, mai suna Dendy, tun 1992. Yau yana da muƙala tasa mai zaman kanta, saboda 'yan jaridarsu sun zauna sun rubuta, an yi hira da waɗanda suka shigo da shi. Mu abin da ya rage mana ke nan.

DanZinder:
Malam na fahimci ƙa'idar, amma ka ga inda take cutar da mu. Wanda ke da jaridu da yawa shi ke da tarihi, wanda abinsa ke baki ya zama kamar bai rayu ba. Yara dubbai daga Zinder zuwa Zariya sun tashi da wannan wasa, amma shafin Hausa zai yi shiru a kansu ya ba da labarin wani sito a Amurka.

Hajiya_Mairo:
DanZinder, zafin da kake ji ni ma ina jin sa, ba a kan gem kaɗai ba, har a kan girke-girke da wasannin dandali. Sai dai gyaran ba a cikin muƙalar yake ba. A cikinmu nan akwai masu aiki a gidajen rediyo, akwai ɗaliban jami'a masu neman abin da za su yi bincike a kai. Wani ya je ya zauna da tsofaffin masu gidajen gem da 'yan kasuwar da suka riƙa shigo da injinan, ya ji daga bakinsu, a buga a jarida ko mujalla mai edita. Ran da aka buga, ni zan fara buɗe sashen da hannuna. Kafin nan ka zuba abin da ka tuna a shafin tattaunawa na muƙalar a matsayin shawarar abin da ake nema wa majiya, kada ya ɓace.

DanZinder:
To Hajiya. Zan sa a can. Amma ban janye ba.

Abban_Ilham:
Tunda an ambaci sito, a gyara labarin sunan. Sagiru ya rubuta cewa Miyamoto ne ya raɗa masa Mario. Ba haka ba ne, shi Mr. Video ya so kiransa, don yana da niyyar ya riƙa sa shi a wasanni daban-daban. Sunan daga reshen Amurka ya fito, daga Mario Segale, mai siton da suke haya a Tukwila kusa da Seattle a jihar Washington. Mutumin ya rasu a 2018.

Nura_Tudunwada:
Eh, shi ne wanda ya shigo yana faɗa a kan kuɗin haya, ya tarar da su Minoru Arakawa, shugaban reshen Amurka na lokacin, suna taro, ko? A sa wannan, yana da daɗi.

Hajiya_Mairo:
A sa, amma da linzami. Cewa sunan daga Segale ya fito, wannan ya tabbata. Labarin shigowa da faɗan haya kuwa ruwaya ce, ta yaɗu ne daga littafin David Sheff mai suna Game Over na 1993, kuma masu ba da ita suna saɓa wa juna a bayanai. Don haka a rubuta "a cewar Sheff" ko "an ruwaito cewa", kada a shimfiɗa shi kamar muna wurin. Haka ma maganar sunan mahaifi da na ga Sagiru ya sa a akwatin bayanai, wai Mario Mario. Fim ɗin Super Mario Bros. na 1993 ne ya yi amfani da shi. Satoru Iwata, shugaban Nintendo na lokacin, ya ce a 2012 Mario ba shi da wani suna na biyu, sai Miyamoto ya zo a 2015 ya ce Mario Mario ne. A kawo duka biyun a cikin rubutu, kowa da shekararsa, a bar akwatin da Mario kawai.

Sagiru_Fagge:
An yi haka Hajiya. Wata tambaya: hoto fa? Na sauko da wani mai kyau daga intanet, yana tsalle ya ɗaga hannu.

Malam_Habu:
Kada ka ɗora shi. Zanen Mario mallakar Nintendo ne, Commons kuma, wato rumbun hotunan da Wikipedia ke amfani da shi, ba ta karɓar hoton da ba a sake shi kyauta ba, za a goge.

Zee_Dorayi:
To in ni na zana shi da hannuna na ɗauka da waya fa? Ina ɗan taɓa zane.

Malam_Habu:
Ko ke kika zana, Zainabu, surar tasu ce, haƙƙin bai tashi ba. Hoton allon talabijin ma haka. Abin da za a iya yi shi ne a sa hoton Miyamoto, akwai nasa a Commons, da hoton injin Famicom. Sun ma fi dacewa da irin muƙalar da muke so, mai magana a kan mutanen da suka yi aikin.

Abban_Ilham:
Akwatin bayanai kuma ya ce Chris Pratt ne muryarsa. Shi a fim ɗin Mario na 2023 ya yi, ba a wasanni ba. Muryar da duniya ta sani a wasanni ta Charles Martinet ce, wadda ta shahara daga Super Mario 64 a 1996, ya yi ta yi har 2023. Daga Super Mario Bros. Wonder Kevin Afghani ya karɓa. A jera su uku, kowa da inda ya yi.

Mamman_Maradi:
Ban iya gyaran shafi sosai ba amma ina karatu. Sashen "ƙarfin da yake samu" ya yi tsawo ainun. An lissafa naman kaza mai ƙara girma, furen wuta, tauraro, sulalla 100 da ke ba da ƙarin rai, ganye, gashin tsuntsu, har kusan shafi guda. Wanda ke son wannan ai wasan zai je ya yi. Ni da za a ji tawa, sakin layi ɗaya ya isa, a ba sauran wurin ga abin da ya yi a duniya. Super Mario Bros. na 1985 an sayar da fiye da miliyan 40. Fim ɗin 2023 ya tara sama da dala biliyan 1.3. A bikin rufe gasar Olamfik ta Rio a 2016, firaministan Japan Shinzo Abe ya fito daga cikin koren bututu da jar hular Mario don gayyatar duniya zuwa Tokyo. Shugaban gwamnati guda ya zaɓi wannan a matsayin fuskar ƙasarsa, wannan shi ne abin da Kawu zai karanta ya gane dalilin shafin.

Injiniya_Bash:
Na goyi bayan Mamman, da ƙari ɗaya. In an kawo miliyan 40 ɗin a faɗi cewa da yawa daga ciki tare da injin NES, wato Famicom na Amurka da Turai, aka haɗa aka sayar, kada mai karatu ya ɗauka kowa zuwa ya yi ya saye shi shi kaɗai. Sannan adadin na wasan ne, ba na jarumin ba. Wannan ya kawo ni ga abin da ke damuna tun ɗazu: daftarin ya cakuɗa abu uku, Mario jarumi, jerin wasannin Super Mario, da wasan 1985. Kowanne da shafinsa ya kamata. Kiɗan Koji Kondo da bayanin duniyoyi 8 masu mataki huɗu-huɗu na shafin wasan ne. In an zo haɗawa da Wikidata, mai haɗa muƙala da takwarorinta na sauran harsuna, ma a kula a haɗa shi da jarumin, in ba haka ba mai danna Faransanci ko Larabci zai faɗa wani shafi daban.

Ummu_Haidar:
Ban yarda a cire furen wuta da naman kazan gaba ɗaya ba dai. Yaro da su ya san shi. A rage, amma a bari.

Mamman_Maradi:
Ai rage na ce Malama, ban ce a share ba.

Hajiya_Mairo:
Akwai sakin layi biyu da wani ya ƙara a sashen tarihi da yammar nan, daga gani injin fassara ne ya yi su. Kalmomin Hausa ne amma ba wanda ke magana haka, sai da na karanta sau biyu kafin na gane wa ya ƙirƙiri wa. Ba laifi a nemi taimakon inji, amma a karanta Turancin a fahimta, a rufe shi, sannan a faɗe shi kamar ana yi wa ƙane bayani. Na ɗauki waɗannan biyun, zan sake su gobe bayan azahar.

Zee_Dorayi:
Ni kuma a ba ni sashen su Luigi da Peach. Tambaya ɗaya: in rubuta Luigi ƙaninsa ne ko tagwaye ne?

Abban_Ilham:
Duka biyun. Tagwaye ne, Luigi ne ƙarami, wasan Yoshi's Island na 1995 ya nuna su suna jarirai. Ki kuma ambaci cewa Peach sunanta ke nan a Japan tun farko, amma a Amurka da Turai Toadstool aka daɗe ana kiranta, sai wajen 1996 sunan Peach ya zauna ko'ina.

Sagiru_Fagge:
To ga inda muke. Gabatarwa ta canja, sashen ƙirƙira na hannuna da Injiniya, Hajiya na kan tarihi, Zee na kan sauran jarumai, Mamman ya turo min abin da ya rubuta a kan tasiri in saka masa. Ni ina ganin mu ɗora shi yau, a ci gaba da gyara a fili.

Malam_Habu:
Ni da za a bi tawa a jira. Jimloli da dama ba su da manazarta tukuna, musamman na Radar Scope da na hula da gashin baki. In ya fita haka wani zai manna masa tambarin rashin majiya, kuma cire shi sai an sha aiki.

Injiniya_Bash:
Malam ai in ana jiran ya cika ba zai taɓa fita ba. A ɗora abin da ke da majiya, a bar sauran a shafin gwaji.

DanZinder:
Ko yau ko gobe, ni dai na rubuta nawa a shafin tattaunawa. Kuma na yi magana da wani abokina ɗan jarida, ya ce in na samo masa mutum biyu da suka riƙe gidan gem a shekarun 1990 zai je ya same su. Wa ya san wani a Kano ko Maraɗi da zai yarda a yi hira da shi?

Nura_Tudunwada:
Akwai wani dattijo a layinmu da ya yi wannan sana'ar, yanzu gyaran waya yake yi. Zan tambaye shi in ya amince, sai in yi maka magana ta gefe.